Muryata Ta Dishe a Tsakiyar Tafsiri

Malam Maje, don girman Allah ka agaza mini, na rasa wanda zan gaya wa. Shekara tara ke nan ina jan baƙi a wani masallaci a Fagge, ina karanta aya, Malaminmu yana fassarawa. Ana saura kwana uku azumi mura ta kama ni, murya ta dishe. Maƙwabcina Nwabueze, mai aiki a kantin magani a Sabon Gari, mutumin kirki ne wallahi, ya kawo mini 'yan ƙwayoyin Turawa. Atishawa kam ta tsaya cak. To da yake ba dama da rana, sai nake haɗiye biyu da sahur. Kafin la'asar maƙogwaro ya bushe ƙamas, ga nauyin ido. Jiya Malam ya gama fassara yana jiran aya, ashe ni gyangyaɗi nake, sai da aka zungure ni. Kai, na ji kunya! Ban gaya masa komai ba, don ga Hambali nan, ɗan ƙanensa, mahaddaci, ya daɗe yana son wurin. Shin in ƙara ƙwayar ne?

Mai Jan Baƙi, Kwaciri

Alaramma, kada ka ƙara ko ɗaya. Na kai wasiƙarka wa wani likita, ya ce da alama wannan ƙwaya ita ce ake kira antihistamin. Aikinta busar da majina, kuma ba ta bambanta hanci da maƙogwaro, ga sa barci. Nwabueze bai cuce ka ba, maganin atishawa ya ba ka, ya kuwa yi aiki. Amma mai azumin da ba zai kurɓi ruwa ba sai magariba, ina shi ina abin da ke busar da wuya?

Daga buɗa baki zuwa sahur ka yawaita ruwa mai ɗumi da zuma, ka yi sirace. Ka yi shiru, har raɗa ka bari. In mako biyu ya wuce ba sauƙi, nufi asibiti.

Tsoronka na fahimce shi, shekara tara ba wasa ba. Sai dai Malam yana da kunne, ya riga ya ji. Je ka same shi yau, ka roƙa da bakinka Hambali ya riƙe maka mako guda. Wanda ya ba da aron wuri yana iya dawowa, amma in ka kashe muryar, ba wanda zai tsige ka, da ƙafarka za ka tashi.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa kai za ka ja ayar ƙarshe ranar rufe tafsiri.

Malam Maje