Mijina Yana Tsere da Kaset

Bi Onah, don girman Allah ki taimake ni kafin mijina ya rasa gwiwoyinsa, ni kuma in rasa hankalina. Ba mace ba ce, ba caca ba ce, ba shaye-shaye ba. Kaset ne. Na san za ki yi dariya, yi abinki, ni ma da ba a gidana abin yake ba da na fi ki.

Mijina, Kang Engkus, shi ne mai ganga a ƙungiyar Bangke Munding, wato Mushen Ɓauna. In kin taɓa kwana a unguwarmu ta Ujungberung kin ji su ko ba ki so, don bango ba ya tare su. Det metal suke yi, kiɗan nan mai ƙara da gurnani, amma irin na ƙwararru, mai sarƙaƙiya, wanda in kika ce za ki gyaɗa kai ki bi shi sai wuyanki ya ƙage. Da rana tela ne, mutum mai sanyin hali, ko kyankyaso ya gani ni yake kira. Amma ya zauna a bayan ganguna, ƙafa biyu a kan feda biyu, sai ki rantse injin niƙa aka tayar.

Bari in faro miki daga tushe. Suna samari suka ɗauki faifansu na farko, Ruwan Hanji, a wani ɗaki bayan gidan masu awara. Suka kai wa Mang Uha, mai rumfar kaset a kasuwar Cicadas, ya kwafa musu da yawa. Kaset ɗin ya bazu har Surabaya da Medan da Kuala Lumpur. Wasu yara a Poland masu buga 'yar mujalla suka rubuta cewa duk nahiyar Asiya babu ƙafafu masu saurin na Engkus. Shafin nan yana falonmu cikin gilashi, a saman hoton aurenmu. A sama, Bi, ba a gefe ba.

Faifai na biyu, Jana'izar Tsutsa, da ya fito sai magoya baya suka ce Mushe ya yi sanyi, ina saurin da? Akang, wato maigidan nawa, ya bar taba, ya shiga hawan dutsen Manglayang kowace safiya da jakar yashi a idon sawu. A na uku, Lissafin Ƙasusuwa, mai jitarsu Kang Ohim ya ɓullo da wani sabon salo: waƙa ta taho a guje, ta tsaya cak, ta juya, ta ƙirga bakwai, ta ƙirga biyar, ta koma inda ba a zata ba. Nan ne aka fara kiransu ƙwararru. Na huɗu, Ƙwaƙwalwa a Tukunya, ya rikice har ɗaya mai jitar ya ajiye kayansa ya koma ƙauye kiwon tarwaɗa, ya ce su aƙalla ba sa canza ƙirga. Duk yabon nan bai taɓa shiga kunnen mijina ba. Duk faifan da suka gama, sai ya dawo gida ya saka tsohon kaset, ya zauna, ya ce mini, “Neng, yaron nan ya fi ni.” Yaron nan fa shi ne da kansa.

To bana Ruwan Hanji ya cika shekara ashirin da biyar. An kama zaure, an manna takardu a gari cewa za su kaɗa faifan daga farko har ƙarshe, yadda yake a kaset. Tun ranar gidana bai zauna lafiya ba. Ya saka kaset a kunne yana bi da ƙafa, safe da yamma. Muna cin abinci ƙafa tana aiki, miya tana rawa a kwano. Cikin barci ƙwaurina ne gangarsa, duk na yi tabo. A sahun salla liman ya ja shi gefe ya tambaye shi a hankali ko fitsari ke damunsa. A kan keken ɗinki kuwa, kafin ya farga ya ɗinke wa maƙwabcinmu ƙafafun wando biyu ruf, mutumin ya zo yana riƙe da shi kamar buhu.

Abin dariya ne har zuwa ranar da gwiwarsa ta dama ta kumbura ta yi kamar kwakwa. Likita ya hana shi kayan ciki, ya kuma ce in bai sassauta ba, sauran sallolin rayuwarsa a kan kujera zai yi su. Muna fitowa Akang ya ce, “Ƙyale shi, Neng. Wannan bai taɓa jin Ruwan Hanji ba.”

Ga inda na shiga uku. Ranar adashinmu a gidan Teh Mimin, matar Kang Ohim, muna cin bala-bala, wainar fulawa da kayan lambu, da barkono ina ta ƙorafi. Sai ta kwashe da dariya har ta ƙware, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta ce, “Ke wai da gaske ba ki sani ba? Shekara nawa kina gidan Engkus? Yarinya, babu ɗan Adam ɗin da ya kaɗa abin da ke cikin kaset ɗin nan.”

Ashe robar da ke juya na'urar Mang Uha ce ta tsinke a makon da suka kai masa faifan, ya ɗaura robar ɗaure ƙunshin shinkafa a madadinta, na'urar ta riƙa gudu fiye da kima. Duk kaset ɗin da ya fito daga rumfar nan da gudunsa ya fito. Kang Ohim ya gane tun ranar, don ya ɗauki jita zai bi sai ya ji sautin ya haye sama. Mawaƙinsu Kang Jajang ya gane, don ya yi gurnanin ɓauna a ɗakin ɗauka, kaset ya fito masa da bunsuru. Sun yi niyyar mayarwa, sai yabo ya fara zuwa, kowa ya ja bakinsa. Mijina kaɗai bai gane ba, don kunnensa ba ya bambance sautin sama da na ƙasa. Ko taken ƙasa yake rerawa sai ki zaci tebur ake ja.

Teh Mimin ta ce, “Kin ga tsaye-tsayen nan da juye-juyen da Ohim ya cika waƙoƙi da su? Don mijinki ya samu ya ja numfashi ne, mutane kuma su daina maganar sauri. Duk ƙwarewar da ake yaba musu, tausayin Engkus ce.”

Ta ɗauko asalin kaset ɗin daga ƙasan akwatin mijinta ta saka mini. Bi, na saurara. Yaron tafiya yake yi a hankali kamar mai dawowa daga kasuwa da kaya a ka. Abin da Akang ke kaɗawa yanzu don ya ɗumama ƙafa kafin ya fara atisaye ma ya fi wannan sauri nesa. Kunya ta kama ni a madadinsa, na kasa ƙarasa bala-balar da ke hannuna.

Na tari Kang Ohim. Ya ce, “Neng, ke ce matarsa, ke ba zai jefe ki da sandar ganga ba.” Na je gidan Kang Jajang, ƙato mai gemu har ƙirji, wanda ya yi waƙa a kan cin hantar maƙiyi, yana jin muryata ya shige banɗaki ya ƙi fitowa. Mang Uha kuwa ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa, ya tafi ya bar mu da robarsa.

Na gwada dabara. Na ɓoye kaset a buhun shinkafa, ashe yana da wasu a ajiye. Na ɓoye feda, ya koma buga silifas a siminti. Na saka masa batir mai rauni a rediyo, kaset ya riƙa ja da ƙyar. Ranar ya fito tsakar gida yana ɗingishi yana ihu, “Neng, na kamo shi! Na kamo ɗan banza!” Ya sayo mana sate, wato tsire, ya raba wa maƙwabta. Washegari ya sayi sabon batir, bai ci abincin rana ba.

Za ki ce in faɗa masa kawai. Ga abin da ya hana ni. Mahaifinsa, Allah ya gafarta masa, kullum cewa yake Engkus bai iya komai ba sai hana maƙwabta barci. Da shafin Poland ya zo, ya kai masa. Tsohon bai iya karanta yaren ba, amma ya saka tabarau ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “To.” Wannan “To” ɗin mijina yake ci har yau. Jiya ina shafa masa man zafi a gwiwa ya ce, “Neng, ban yi karatu ba, ban tara komai ba. Amma akwai ranar da na fi kowa. So nake in sake ganin ranar nan sau ɗaya, sai in huta.” Ni ce zan buɗe baki in ce masa ranar nan robar shinkafa ce? In na yi shiru gwiwa ta tafi, in na yi magana ban san me zai rage masa ba. Ina son mutumin nan, Bi, da hayaniyarsa da komai. Yaya zan yi?

Mai Tabo a Ƙwauri, Ujungberung

*

Neng Mai Tabo,

Na nemo Ruwan Hanji na saurara don in yi miki adalci. Kyanwata ta fita ta taga, har yanzu ba ta dawo ba. Don haka na san abin da kike ciki.

Ban ga mugu a labarinki ba. Abokan mijinki sun yi shiru, rabi don ƙauna, rabi don tsoro, kuma mutumin da zai ƙirƙiro sabon salon kiɗa don kawai abokinsa ya ja numfashi ba maƙiyi ba ne. Tsoronki ma yana da tushe, don ba ƙaramin abu ba ne a taɓa abin da mutum ya jingina da shi shekara da shekaru. Amma shirun nan ya yi tsada da yawa, kuma gwiwar Engkus ce ke biya. Gwiwa ba robar na'ura ba ce da za a ɗaura wata. Dabarar batir kuwa ki bar ta, ƙanwar dabarar Ohim ce, kin kuma ga inda ta kwana.

Yanzu ki koma ki karanta wasiƙarki, don kin rubuta amsar da hannunki kika wuce ta. Kin ce abin da yake ɗumama ƙafa da shi yau ya fi abin da ya kaɗa yana saurayi sauri. Ke kin ji kunya. Ni da na karanta, tashi na yi zaune. Tela mai furfura, da kumburarriyar gwiwa, yana yin abin da saurayin can bai taɓa iyawa ba. Mutanen Poland sun yabi na'ura bisa kuskure, mijinki kuma ya ɗauki yabon da gaske ya yi ta bin sa har ya kusa zama gaskiya. Abin da za ki gaya masa ke nan, kuma babu ƙarya ko ɗaya a ciki.

Ga yadda za a yi. Ba ke kaɗai za ki ɗauki wannan kaya ba. Ohim da Jajang su zo gidanki da asalin kaset, ko da za a ciro Jajang daga banɗaki da igiya. A bari ya ci ya ƙoshi. Kada a fara da bayani. A saka masa kaset ɗin, a ce ya bi da ƙafar hagu mai lafiya da hannuwansa. Kafin waƙar farko ta kai rabi zai ga yana jiran yaron. Sannan Ohim ya yi magana, ya kuma nemi gafara, don shi ya fi kowa daɗewa da sani. Zai yi fushi, haƙƙinsa ne. In ya jefi Ohim da sanda kada ki tare, ki dai kawar da kwanukanki. In ya kwana biyu bai yi magana ba, ki bar shi, ki ci gaba da shafa man zafi.

Maganar taro kuwa, likita ne zai fara yanke hukunci, ba masu manna takarda ba. In ya yarda, su hau dandali su faɗi labarin robar Mang Uha da bakinsu, su kaɗa faifan yadda suka ɗauke shi da gaske. Yaran nan masoyansu da ke saka baƙaƙen riguna sun fi son labari irin wannan da ki zata, za su yi ta ba da shi har jikokinsu.

Batun “To” ɗin mahaifinsa, kada ya dame ki. Kin ce tsohon bai iya karanta shafin ba. Ashe ba saurin ƙafa ya yi wa “To” ba, ɗansa ne da ke tsaye a gabansa yana jira. Wannan babu na'urar da ta ƙara masa gudu. Shafin ya zauna a bango, amma a sauko da shi daidai da hoton aure, kin biya kuɗin wurin da ƙwaurinki.

Ki gaya wa Kang Engkus in ji Bi Onah ya daina gudu haka nan. Yaron da yake bi ba ya gabansa, ya wuce shi tun tuni bai waiwaya ba, yaron yana can baya yana haki. Allah ya ba shi lafiyar gwiwa ya yi sujada da ita har tsufa, ya ba ki barci ba shuri, ni kuma ya dawo mini da kyanwata.

Bi Onah