Alkawarin Alhaji Illa

Ƙonni, daren Lahadi

Ni Sanusi Mahaman, mai digirin lisansi a fannin tattalin arziki, mai jin harsuna uku, na ɗauki alƙalami domin in tabbatar wa kaina cewa ban yi mafarki ba. Ran sunan jikansa, gaban shaidu, Alhaji Illa ya ce zai tafi da ni Turkiyya in yi masa tafinta.

A kan wannan magana na yi fasfo. Na tsara tafiyar a shafi huɗu: kwana uku Istanbul, safiya ga kasuwar tufafi, maraice ga masallatai da jirgin ruwa, sannan Bursa, sannan Konya. Inna ta shaida wa dangi har Illela. Gwaggo ta riga ta aiko da awon ƙafarta don tsarabar takalmi.

Yau wani ɗan kabu-kabu ya ce mini Alhaji zai tashi Asabar tare da surukinsa. Na je shagon Alhaji na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce, "Malam boko, mi kaka sauri? Allah dai shi kai mu." Na ce, "Alhaji, kai mu ina?" Sai ya miƙo mini goro.

Da wace fuska zan ratsa kasuwa ran Asabar?

Na rubuta masa wasiƙa mai ladabi da hujjoji, ina neman amsa a rubuce kafin azahar ɗin Laraba. Sai da na liƙe ta na tuna: Alhaji ba ya karatun boko. Ni nake karanta masa wasiƙunsa, ni nake rubuta amsa.