Giyar Gashin-bakin Bohouš

Lhotka, farkon Afrilu

Zuwa ga yayata Drahomira,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, in ban da Mama da har yau ba ta sa ƙafa a mashayarmu ba tun ranar da muka binne Baba. Tana ɗakinta na sama, ko abinci sai an kai mata. Kewa za ta kashe mana ita. Amma na samo maganin abin.

Kin tuna Kryštof, ɗan mai gyaran agogo? Ya buɗe ɗan gidan dafa giya a tsohon rumbun hatsi, ya ce mu haɗa kai mu fitar da sabuwa, shi da dafawa, ni da zubawa. Wai ba ya son yistin kanti, wato abin da ke sa giya ta nuna ta yi kumfa, sai wanda ya rayu a cikin mashayar. Ya shinshina ko'ina, har idonsa ya faɗa kan kofin yumɓun Baba da ke rataye a ƙusa. Kin san Baba bai taɓa yarda sabulu ya kusanci kofin nan ba. Kryštof ya kankaro abin da ya daskare a gindinsa ya sa a kwalba da ruwan sha'ir, bayan 'yan kwanaki sai ga shi yana kumfa!

Mun raɗa wa giyar suna Gashin-bakin Bohouš, da sunan Baba, don tunawa da shi. Ranar fasa ganga kofin farko na Mama ne. In ba ta sauko ba, ki canza min suna.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki, Vráťa

Brno, tsakiyar Afrilu

Vratislav,

Na gaishe ka, tun da gaisuwa dole ce. Wasiƙarka ta same ni ina shan miya, ban ƙarasa ba.

Kai wane irin ƙazami ne? Ni na yi jinyar Baba, na san abin da bakin nan ya ƙunsa: ruɓaɓɓun haƙora, taba, tafarnuwa, ga kakin da yake ja kafin kowace kurɓa. Abin da ya kamata a binne tare da shi kuka ɗauko kuna reno kamar jinjiri, za ku ɗura wa mutane? Tir! In Kryštof ya zare, kai ai ka girme shi.

Sannan wa ya ce maka kewa ce ta hana Mama saukowa? Ka taɓa tambayarta? Kai naka dariya ce a bayan kanta in Baba ya bugu yana barkwanci. Ita ce ke jan sa zuwa sama ta cire masa takalma, ta kwana a gefensa. Ka bar matar nan ta huta.

Ba zan zo ba, kuma kada ka kuskura ka aiko min da kwalba.

Ka zauna lafiya, in za ka iya.
Drahomira

Lhotka, ƙarshen Yuni

Yaya sarkin ƙyama,

Gaisuwa, da jajen asarar da kika yi! Ranar fasa ganga mashaya ta cika ta batse, har a kan dakalin waje mutane ke sha. Giyar na da ɗan tsami da wani ƙamshi mai nauyi, Kryštof ya ce haka manya ke so. Tsoho Kubíček, abokin Baba, ya kurɓa ya share baki ya ce, "Kai yaro, wannan ai Bohouš ne da kansa, zagin kawai ya rage!"

Kuma Mama ta sauko. Na sha hawa ina roƙo, daga ƙarshe ta fito da baƙar rigarta. Na zuba mata a kofin Baba, kumfa har baki. Ta kurɓa, ta rufe ido, sai hawaye shar. Kowa ya miƙe yana tafi, ni ma ban san lokacin da na fashe da kuka ba. Ta ajiye kofin ta koma sama, daɗi ya cika ta. To, wa ya fi sanin Mama, ni ko ke?

Yanzu kullum giyar za ta kasance a famfo, ba fashi. Kryštof ya ce yistin nan muddin ana ciyar da shi ba ya mutuwa, har jikokinmu za su sha.

Ki huce, ki zo.
Vráťa

Lhotka, ranar Laraba

'Yata Draha,

Ina gaishe ki. Zan taƙaita.

Na sha. Warin bakin ubanki ne sak, wanda nake juya wa baya in fuskanci bango tun ina amarya. Da aka binne shi na wanke komai, ɗakina ya koma ƙamshin sabulu, shi ya sa na zauna a ciki. Ba makoki nake yi ba. Yanzu warin yana hawowa ta katakon daɓe, kuma sun ce ba ya mutuwa.

Kada ki yi wa Vráťa faɗa, yana ƙaunar ubansa. Ki shimfiɗa min gadon nan na ɗakin ɗinkinki, zan shigo jirgin ƙasan Asabar da akwatunana. Ba ziyara ba ce.

Allah ya yi miki albarka.
Uwarki, Blažena