Gurbin Zabuwarka a Bindigar Kaka

Zuwa ga Auta, a can Fatakwal.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina sanar da kai cewa mahaifinka yana nan da ransa, sai dai gwiwa ta fara yi masa gardama. Na rubuto nan inda kowa zai gani ne don na lura kirana ba ya shiga wayarka, amma hotunanka suna fitowa lafiya lau. Masu karatu su yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu muka rabu da boko, kuma ita ta fara cewa ta gaji.

Bindigogin zaure suna gaishe ka. Sun ma ƙaru. Na samo wata tsohuwar harba-ka-ruga a Kambaza wurin jikan wani maharbi. Kunamarta ta karye, amma a gindinta an zana kada kwance cikin ciyawa, aikin da sai ka fitar da ita rana kake ganin haƙoransa. Mutanen Gwandu suna cewa na cika ɗaki da bindigogi amma ko ɓera ba ya shakkar gidana. Gaskiyarsu. Innarka, Allah ya jiƙanta, cewa take yi, "Malam, kai dai tsatsa kake kiwo." Tun da ta rasu, su nake gogewa da man gyaɗa bayan la'asar, ina ba su labari. Ba sa yi mini musu. Abin da ke damuna da su ke nan.

Ka tuna ta Kaka, mai tagulla a kwiɓi. Ka san al'adar gidanmu: ranar Sallah ɗa namiji zai ɗura mata albarushi ba dalma, ya ɗaga sama ya harba, sannan a kai ta gidan maƙera a Kalgo a zana masa zabuwa a jikin tagullar. Ta Kaka ce a gaba. Tawa ta biyo, mai guntun wuya, wai don Maƙeri Ɗanjumma ya ji labarin na runtse ido lokacin harbin. Sai na yayyenka.

Ranar taka, na ɗora maka ita a kafaɗa, ka ajiye mini ita a ƙafa, ka shige bayan zanen Innarka. Muka yi dariya, muka ce sai baɗi. Baɗi ta zo kana makaranta. Ta sake zuwa kana neman aiki. Haka gurbinka ya zauna fili, kamar giɓi a bakin tsoho.

Makon jiya na hau mashin na kai bindigar Kaka Kalgo. Na tarar da Ɗanjumma zaune, zugazuginsa a kwance, idanunsa sun yi hazo. Da yatsa ya bi tagullar yana kiran sunan kowa, har ya iso gurbinka ya tsaya. Na ce ya zana kawai, ai yaron ya girma, injin da yake tayarwa a wurin aiki ma ya fi bindiga ƙara.

Ya ce, "Ba ni zana zabuwar da ba a tasa ba."

Na ce to in na harba da sunanka fa? Ya ce kunnensa bai mutu ba, ko daga Kalgo ya san harbin mai runtse ido. Sannan ya faɗa mini, ba dariya, cewa idon dama yana da ɗan saura, wataƙila ya kai Babbar Sallah. Bayan nan ba ya alkawari. 'Ya'yansa kuwa walda suke yi, ba wanda ya iya riƙe ƙusar zane.

Auta, ka zo. In har yanzu ƙarar ce kake tsoro, mu tafi bayan maƙera mu harba, in toshe maka kunne da hannuwana. Ba mai gani sai Ɗanjumma, shi kuwa ba gani yake ba.

In ma ba za ka harba ba, ka zo ka ajiye mini ita a ƙafa kamar wancan karon. Ƙafar tana nan. Zanen da ka ɓuya a bayansa ne babu, amma rigata tana da faɗi.

Allah ya yi maka albarka, ya jiƙan Innarka, ya ara wa Ɗanjumma ido har Sallah, ni kuma ya ara mini kai, ko na yini ɗaya ne.

Mahaifinka,
mai zabuwa mai guntun wuya,
Gwandu.