Ni Na Tura Ƙarfen Da Ya Fasa Wa Malamin Fiziks Baki

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma tun farko bari in faɗa da bakina, ni ne mai laifi. Na cuci mutum da gangan, kuma lokacin da na yi har daɗi na ji.

Ina aiki a wata sakandare mai zaman kanta a Runjin Sambo, nan Sakkwato, ni ke kula da ɗakin gwaji, in share, in wanke kwalabe, in fito da kaya idan malami zai yi darasi. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar. Malaminmu na fiziks, bari in kira shi Malam Nasiru, na girme shi nesa ba kusa ba, amma ya san aikinsa, wannan ba zan hana masa ba.

Wata rana yana koya wa 'yan aji huɗu yadda kowane abu ke jan ɗan'uwansa, ya ce ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa shi ne dai ke riƙe da wata a sama, kuma duk yadda abu ya yi nisa jan yana raguwa ne amma ba ya ƙarewa. Ina bayan aji ina goge tebur, abin ya ɗaure mini kai, sai na tambaya, tsakani da Allah don in sani, na ce to in ƙasa na jan wata mi ya hana shi faɗowa kanmu. Da ma ya ce mini ba lokaci, da shi ke nan. Sai ya ce yara su tafa wa Farfesan Wata, ya ce Baba riƙe tsummanka, ranar da wata ya tashi faɗowa kai za mu aika ka tare shi da bokiti. Aji ya kwashe da dariya. Sunan ya bi ni har bakin titi, masu keke ma sun ɗauka, ɗiyata da ke aji biyu a makarantar ta dawo gida da kuka wai ana ce mata ɗiyar Farfesa. Na same shi a keɓe na ce abin ya yi mini zafi, ya ce ai wasa ne, in ban iya wasa ba in daina sa baki a abin da ya fi ƙarfina. Daga ranar na ƙulla shi a raina.

Akwai wani gwaji da yake taƙama da shi. Ana ɗaure ƙarfe mai nauyi da doguwar igiya a rufin ɗakin taro, ya zama kamar lilo. Sai ya jingina da bango, ya jawo ƙarfen har ya taɓa haɓarsa, ya sake shi, ya rufe ido. Ƙarfen ya tafi ɗaya gefen ya dawo, ya tsaya dab da fuskarsa, ya koma. Yakan ce aikin da ka yi wajen ɗaga shi, shi ne iya ƙarfin da ya tara, don haka ba zai taɓa wuce inda aka sake shi ba, sai in wani ya ƙara masa. Kullum gargaɗinsa ke nan, a sake shi kawai, kada a tura. Ƙarfen ma ni na ara musu, na sikelin kakana ne, da shi ya yi wa kamfanin Turawa awon fatun awaki farkon zuwansu garin nan, yana yashe a gidanmu na Ƙofar Rini tun kafin a haife ni.

Ranar da iyaye suka zo ganin ayyukan yara, ni aka tsayar a ɗaya gefen don in hana ƙanana shiga hanyar ƙarfen. Ya sake shi ya rufe ido, kowa na kallon fuskarsa, ba mai kallona. Da ƙarfen ya iso gabana na sa tafin hannu na tura shi. Ba zan ce muku ban san abin da zai faru ba, daga bakinsa na koya. Ya same shi a baki, haƙoransa na gaba suka fita, leɓe ya tsage, jini ya wanke farar shaddarsa. Ina cikin masu kama shi ina ta salati, a zuciyata kuwa cewa nake yi, to ga wata nan ya faɗo, tare shi.

Shi ya ɗauka shi ne ya sunkuyo gaba bai sani ba. Iyaye suka tayar da hankali wai zai kashe musu 'ya'ya, shugaban makaranta ya hana shi duk wani gwaji, ya ce ƙarshen zangon nan zai sallame shi. Yara suka koma kwaikwayon yadda maganarsa ke fita da iska. Na yi kwanaki ina jin sanyi a raina. Sai wata rana bayan an tashi na tarar da shi shi kaɗai a ɗakin taro, ya sake ɗaure ƙarfen, ya riƙe kwali daidai inda haɓarsa take, yana saki yana kallo, ƙarfen bai taɓa kwalin ba ko sau ɗaya. Ya juyo ya ce, Baba, don Allah kai da ke gabana ranar, ka ga na motsa? Na ce ban lura ba. Tun daga nan abinci ya daina shiga.

Makon jiya na gaya masa gaskiya, amma da gadara na faɗa, har ina cewa shi ya jawo wa kansa. Sai ya ce 'yan'uwansa in suka ji sai ofishin 'yan sanda, shi kuma abu ɗaya yake so. Ranar Litinin, gaban shugaba da dukan ɗalibai, in faɗi abin da na yi, sannan in jingina da bango in sake ƙarfen daga haɓata, shi ya tsaya inda na tsaya. Ya ce in bai tura ƙarfen ba, ba zai taɓa ni ba, ni ma na sani, in kuma zuciya ta ɗebe shi, to haƙori da haƙori ai ba shi ya fara faɗa ba. Yana faɗa yana murmushi da giɓin nan.

Mai ɗakina ta ce kada in kuskura. Yayana ya ce mu ɗauki dattijai mu je gidansu, in ɗauki nauyin gyaran haƙoran, magana ta mutu a zaure. Amma in ta mutu a zaure aikinsa ya tafi a kan laifin da bai yi ba, in kuma na yi magana nawa ne zai tafi, ga ɗiyata a cikin taron tana kallo. Kuma ba zan ɓoye muku ba, har yanzu in na tuna maganar bokitin nan raina na tafasa, don shi bai taɓa ba ni haƙuri ba. Jama'a, in tsaya gaban ƙarfen nan, ko in faɗi gaskiya ga shugaba in ƙi tsayawa, duk abin da zai biyo baya ya biyo?

Abin da na iya yi zuwa yanzu, jiya bayan La'asar na same shi ƙofar gidansu, na durƙusa duk da shekaruna, na ce masa, Malam, wancan karon na zo da gadara, yau na zo da roƙo. Ba ka motsa ba, abin da ka koya wa yara daidai ne, hannuna ne ya shiga. Ko ka tura ranar Litinin ko ba ka tura ba, na cuce ka, ka yafe mini don Allah.