Wurin da Ban Zana Ba

Port Albert, 4 ga Mayu

'Yata Bronwyn,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki Hamish da jikokina. Ni ma ƙalau, ban da gwiwar nan da ta ƙi jin magani.

Kamfanin da ke son kafa manyan fankoki masu samar da lantarki da iska a teku ya tara mu masunta. Wakiliyarsu, wata Imogen, ta ba kowa taswira da jan alƙalami, wai mu zagaye inda muke kamun kifi don su kauce masa, wai ba mai gani sai su. Ji min rainin hankali! Da idona na gan ta tana shan shayi da Stavros Kalligas, mutumin da ya shekara talatin yana bin jirgina don ya gano Lambun Kaka, matattarar kifin nan tamu a teku. Wurin da kakanki ya nuna min, ya sa na rantse ba zan faɗa ba, wurin da ya ciyar da ke, shi zan zana wa baƙuwa? Na zagaye wurare uku can gabas, inda ko abincin kyanwa ba a samu. Har godiya ta yi min.

Babanki mai ƙaunarki,
Fergus

19 ga Agusta

Bronwyn,

Ina gaishe ki, ya sanyin Hobart? Na ga wasiƙarki, wai in koma in faɗi gaskiya. Ke ma kin soma ke nan. Sau biyu Imogen tana kirana, wai na tabbata ban manta wani wuri ba, don za a rufe karɓar taswira. Wannan naci na mene ne? Wa ya aiko ta? Na ce mata tsufa bai kai min ka ba tukuna.

Babanki

2 ga Disamba

'Yata,

Da fatan kuna lafiya. Ni kam ba lafiya ba, raina a ɓace yake.

Taswirar ta fito. Sun kauce wa wuraren ƙaryata uku tsaf, kamar yadda suka yi alkawari. Fankoki arba'in kuma a kan Lambun Kaka, tunda ba wanda ya ce ana kamu a can. Za a hana jirage shiga har a gama gini, ni kuwa shekarata sittin da takwas.

Stavros ya tare ni a bakin jirgi yana huci: "Kai tsohon banza, ba ka zana ba? Na ɗauka kai za ka zana, ai naku ne!" Ashe shekara ashirin yana zuwa can duk ranar da ban fita ba. Shi da wasu jirage biyar. Kowa ya bar wurin fari, yana jiran wani.

Kunya nake ji, Bronwyn. Duk garin nan Imogen kaɗai ce ba ta san wurin ba, kuma ita kaɗai na ɓoye wa.

Ki gaida yara.

Babanki,
Fergus