Bargon Ƙyallaye Ya Kammala

Gwaggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya ƙafar taki? Da fatan ta yi sauƙi, yara ma suna lafiya.

Mun gama bargon ƙyallaye ranar Asabar a nan unguwar Taman Melati. Matar Yaya da maƙwabtanta suka zazzage ragowar atamfa da shadda, ni kuma ina kan keken ɗinki. Akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Malay, Mak Cik, mai shagon ɗinkin da nake ta neman gurbi a cikinsa. Ta ce a wanke ƙyallayen kafin a haɗa. Matan suka ƙi, wai wa ke kashe wa shadda sheƙi? Na lura yatsun matar Yaya sun yi shuɗi, sai na jiƙa ƙyalle ɗaya a kofi. Gwaggo, kamar marina! Dole muka wanke duka, ruwan sama ya sa shanyar ta ci mako guda.

Da muka gama, Mak Cik ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce, "Boleh," wato ya yi. Litinin zan fara gwaji a shagonta.

Ki sa ni a addu'a, ke kika koya min keke. Ki gaida Kawu.

Ɗanki,
Sani